Zaɓen Sharhi a kan Littafin Ishaya: Awon Wasu Sharhohi na Zamani

A wani zaman kare kundin digiri na biyu da na halarta a matsayin mai jarrabawa, ɗalibi ya gabatar da bincike a kan bisharorin Manzon Allah (SAW) a cikin littattafan Ahlul Kitabi. Aikin yana da tsari, mai shi kuma ya yi karatu gwargwado. A fasali na biyu ya kafa hujja da wani sharhin Turawa cewa littafin Ishaya ba mutum ɗaya ya rubuta shi ba, kuma daga babi na 40 zuwa ƙarshe maganar wani ce da ba a san sunansa ba, wanda ya zo bayan Ishaya da fiye da ƙarni ɗaya da rabi. Ya kawo wannan ne domin tabbatar da tahrifi. A fasali na huɗu kuma sai ya ɗauko babi na 42 na wannan littafi, ya ce ga Annabi Ishaya nan yana bishara da Annabin ƙarshe. Na tambaye shi: to, wa ya faɗi babi na 42, Ishaya ko wancan da ba a san sunansa ba? Ya daɗe yana juya takardu bai amsa ba.

Ban ga lalaci a wurinsa ba. Abin da ya same shi shi ne ya ɗebo daga sharhi biyu waɗanda mazhabarsu ta saɓa tun daga tushe, bai kuwa san suna da mazhaba ba. Ɗalibin da ba zai taɓa haɗa maganar Zamakhshari da ta Ibn Kasir a kan ganin Allah a Lahira ba tare da faɗakar da mai karatu ba, shi ne yake ɗaukar duk wani sharhin Baibul tamkar muryar “malaman Kirista” guda ɗaya. Wannan maƙala ƙoƙari ne na auna wasu fitattun sharhohin littafin Ishaya, don ɗalibi ya san abin da yake aro da abin da zai biyo bayan aron. (Fassarar Hausa ta Littafi Mai Tsarki, wadda ta fara fitowa cikakkiya a 1932, tana kiran kason littafin “sura”, ni zan ce “babi” don gudun rikitarwa da surorin Alƙur'ani.)

Dalilin zaɓen Ishaya a fili yake. Littafi ne mai babi 66, yana cikin littattafan Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari ya fi kafa hujja da su, kuma malamanmu na da sun jingina da shi ƙwarai a babin dala'ilun nubuwwa. Ba a ambaci sunan Ishaya a cikin Alƙur'ani ba, amma Ɗabari, wajen tafsirin farkon Suratul Isra'i, ya kawo labarin Sha'aya da sarki Sanhariba ta hanyar Ibn Ishaƙ, Ibn Kasir ma ya ƙidaya shi cikin annabawan Bani Isra'ila. Batun halaccin naƙali daga irin waɗannan littattafai tsohuwar mas'ala ce da ba zan tsaya a kanta ba. Al-Biƙa'i, wanda ya rasu a 885 bayan Hijira, ya cika tafsirinsa Nazmud Durar da naƙali daga Attaura da Linjila, Sakhawi ya yi masa raddi, shi kuma ya kare kansa da littafi sukutum. Ƙa'idar da Ibn Taimiyya ya shimfiɗa, Ibn Kasir ya bi, ta kasa Isra'iliyyat gida uku: abin da nassinmu ya gaskata, abin da ya ƙaryata, da abin da ya yi shiru a kansa. Wannan ƙa'ida tana gaya mana hukuncin magana bayan mun fahimce ta. Fahimtar kanta, wato me kalmar Ibrananci take nufi, da wa ake magana, a wane zamani, ita ce muke zuwa nema wurin mai sharhi.

Mas'alar da ta raba masu sharhi

Ishaya ɗan Amos ya fara wa'azinsa a Baitul Maƙdis a shekarar da sarki Azariya, wanda ake kira Uzziya, ya mutu, wajen 740 kafin Miladiyya, ya kuma rayu har ya ga harin Sanhariba na 701. Abokin gabar da ke cika babukan farko shi ne daular Assuriya. Da zarar an shiga babi na 40 sai yanayi ya juya: birni ya riga ya zama kango, jama'a suna zaman bauta a Babila, ana lallashinsu da albishir na komawa gida, kuma an ambaci Sairus sarkin Farisa da sunansa a ƙarshen babi na 44 da farkon na 45. Sairus ya ci Babila ne a 539. Sunan Ishaya kansa bai sake bayyana ba bayan babi na 39.

Wanda ya fara nuni ga wannan ba Bajamushe ba ne. Ibrahim ibn Ezra, malamin Bayahude mutumin Andalus a ƙarni na 12, ya yi ishara a sharhinsa, cikin lulluɓin magana, cewa mai maganar babi na 40 zuwa gaba wani ne daban. A ƙarshen ƙarni na 18 Döderlein da Eichhorn suka fito da ra'ayin fili a Jamus, sannan a 1892 Bernhard Duhm ya kasa littafin gida uku: 1 zuwa 39, 40 zuwa 55, da 56 zuwa 66. Shi ne kuma ya ware wasu gaɓoɓi huɗu da ya kira waƙoƙin Bawan Ubangiji, na farkonsu farkon babi na 42. Duk sharhin da aka rubuta tun daga lokacin, ko dai yana gini a kan Duhm, ko yana masa gyara, ko yana yaƙarsa.

A nan ne ya kamata ɗalibi Musulmi ya tsaya ya tace. Hujjar masu rarraba littafin iri biyu ce da ake yawan cakuɗawa. Ta farko aƙida ce: mutum ba ya sanin abin da zai faru bayan shekara ɗari biyu, saboda haka duk inda aka ga sunan Sairus, an rubuta shi ne a zamanin Sairus. Ta biyu lura ce da nassi: babukan nan ba sa cewa bauta za ta zo, suna magana ne da mutanen da suke cikinta, suna kafa hujja da nasarorin Sairus a matsayin abin da masu sauraro suka riga suka gani da idonsu, salon harshe da kalmomi ma sun canza. Hujja ta biyu Musulmi zai iya aunawa ya karɓa ko ya ƙi, kamar yadda malaman ilal suke gane mudraji a cikin matanin hadisi. Ta farko kuwa, wanda ya karɓe ta ya rushe babin bishara gaba ɗaya, ya kuma miƙa wa abokin hamayya wuƙar da za a yanka farkon Suratur Rum da ita. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ɗalibin da na ambata yana da mafita, da ya gan ta. Alƙur'ani ya sanar da mu, a Suratun Nisa'i da Suratu Gafir, cewa akwai manzannin da ba a ba mu labarinsu ba. Babu abin da zai hana mai bincike ya ce babi na 42 ragowar wahayi ne ga wani annabi na Bani Isra'ila a zamanin bautar Babila, wanda aka haɗe maganarsa da ta Ishaya. Matsayi ne da ake iya karewa. Sai dai dole a faɗe shi, a daina jingina babin ga Ishaya, a kuma yarda cewa isnadin ya ƙara rauni.

Sharhohin

Zan fara da Joseph Blenkinsopp, Bakatolike haifaffen Ingila da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Notre Dame ta Amurka. Sharhinsa mujalladi uku ne a jerin Anchor Bible, sun fito a 2000, 2002 da 2003, kowane mujalladi a kan ɗaya daga kason Duhm. Tsarinsa shi ne babban abin yabonsa. Yakan kawo fassarar kansa, sannan ta'aliƙi a kan nassi inda yake nuna saɓanin nassin Ibrananci na Masora da kwafin Kumran da fassarar Girkanci da sauran tsoffin fassarori, sannan sharhi. Wanda ya saba da littattafan ƙira'a zai ji daɗin wannan, domin ana nuna masa kayan aiki kafin a nuna masa hukunci. Muƙaddimar kowane mujalladi kuma darasi ce mai zaman kanta a kan tarihin Assuriya da Babila da Farisa. Aibinsa shi ne aibin makarantarsa: yakan yanke cewa aya kaza ƙari ce daga wani mai gyara na baya, da ƙarfin gwiwar da dalilin bai kai ba. Sau da yawa dalilin bai wuce cewa ayar ba ta dace da abin da yake zaton Ishaya zai faɗa ba. Malamin hadisi ba zai kira wannan illa tabbatacciya ba. Ɗalibin da ya kwashi irin waɗannan hukunce-hukunce ya jera su a matsayin “shaidar malamansu a kan tahrifi” yana jera zato ne, kuma abokin muhawara mai ilimi zai kawo masa wani mai sharhi na makarantar guda da ya yanke akasin haka a kan ayar guda.

A ɗaya gefen akwai John Oswalt, Ba'amurke daga cikin Kiristocin da ake kira 'yan bishara, masu riƙo da cewa nassin Baibul wahayi ne da ba ya kuskure. Sharhinsa mujalladi biyu ne, na farko a 1986, na biyu a 1998. Yana kare cewa asalin littafin duka daga Ishaya yake, kuma hujjojinsa sun cancanci a ji su. Babu wani tsohon kwafi da ya raba littafin a babi na 40. Babban kwafin da aka samo a kogon Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947, wanda aka rubuta a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ya zarce daga babi na 39 zuwa na 40 ba tare da alamar sabon littafi ba. Ben Sira, wajen 180 kafin Miladiyya, ya jingina lallashin masu makokin Sihiyona ga Ishaya. Hujjarsa mafi ƙarfi kuwa daga cikin matanin take: babuka 40 zuwa 48 suna ƙalubalantar gumaka ne da cewa ba sa iya faɗin abin da zai zo, Allah kaɗai ke iyawa, idan an rubuta maganar bayan faruwar abin, to hujjar tauhidin da ke cikinta ta zama yaudara. Wannan magana ce da kunnen Musulmi yake ganewa. Amma shi wannan kunne zai lura cewa tsakanin Ishaya da kwafin Kumran akwai kimanin shekara 600 da babu sarƙar maruwaita. Kwafin yana tabbatar da cewa littafin ya riga ya haɗu a ƙarni na 2, ba ya gaya mana yadda ya haɗu. Abin da na fi yaba wa Oswalt shi ne adalci: yana kawo ra'ayin da ya saɓa masa da hujjarsa kafin ya yi raddi, kuma bai ɓoye aƙidarsa ba.

J. Alec Motyer, wanda sharhinsa mai mujalladi ɗaya ya fito a 1993, ɗan mazhabar Oswalt ne, ya ma fi shi tsanani. Ya kasa littafin gida uku bisa siffofin Almasihu: Sarki, Bawa, da Mai nasara. Gwani ne wajen gano tsarin jimloli da yadda gaɓa take amsa gaɓa, abin da zai tuna wa mai karatu ilimin munasaba. Sai dai wurin da yake bai wa masu saɓa masa kaɗan ne, kuma ya shiga littafin da amsa a hannu. Yana da amfani ga wanda yake son sanin yadda limamin coci mai ilimi yake karanta Ishaya. Ba shi ne za a kafa bincike a kansa ba.

Brevard Childs na Jami'ar Yale ya ɗauki hanya ta uku a sharhinsa na 2001. Ya yarda littafin ya taru ne a hannun mutane da yawa cikin ƙarnuka, amma ya ce abin sharhi shi ne siffar ƙarshe da al'ummar masu imani ta karɓa a matsayin nassi mai tsarki. Kafin ya fassara kowace gaɓa yakan taƙaita muhawarar da aka yi a kanta, kuma wannan taƙaitawa tana rage wa ɗalibi wahalar watanni. Bayanin lugga a wurinsa gajere ne, domin ya cusa babi 66 a mujalladi ɗaya. Abin da ya sa nake son ɗalibanmu su karanta shi wani abu ne daban. Childs yana nuna cewa Kirista masani zai iya amsa cewa hannaye da yawa sun taɓa littafin, imaninsa kuma bai girgiza ba, saboda ma'anar wahayi a wurinsa ba irin tamu ba ce. Mu a wurinmu wahayi lafazi ne da aka saukar wa annabi sananne, aka kiyaye shi da tawaturi. Mai muhawarar da bai san wannan bambanci ba zai yi ta tara hujjojin yawan marubuta yana jiran abokinsa ya faɗi, abokin kuwa yana gyaɗa kai.

Na ƙarshe shi ne Shalom Paul na Jami'ar Ibrananci da ke birnin Ƙudus, wanda sharhinsa a kan babi 40 zuwa 66 ya fito da Ingilishi a 2012. Bayahude ne, ya yarda da Ishaya na biyu, ya ƙi na uku. Ƙarfinsa harshe ne: yana kwatanta kalmomin Ibrananci da rubuce-rubucen sarakunan Babila da Assuriya, yana kuma komawa ga masu sharhin Yahudawa na tsakiyar zamani irin su Rashi da Ibn Ezra da Kimhi. Ga mai Larabci wannan ƙofa ce buɗaɗɗiya, domin nahawun Ibrananci ya girma ne a inuwar nahawun Larabci, kuma Sa'idu al-Fayyumi, wanda Yahudawa ke kira Sa'adiya Ga'on, ya rasu a 942, ya fassara Ishaya zuwa Larabci tun kafin a haifi Rashi. Muhimmancin Paul shi ne yana tuna mana cewa littafin na Yahudawa ne kafin ya zama na Kirista, abin da ɗalibanmu kan manta saboda duk Baibul ɗin da suka taɓa riƙewa daga hannun Kirista ya fito.

Gwaji da ayoyi uku

Hanya mafi sauri ta gane sharhi ita ce a buɗe shi a wuraren da aka san akwai rigima. Na farko shi ne aya ta 14 ta babi na 7, inda Ishaya yake bai wa sarki Ahaz alama, wajen 734 kafin Miladiyya, lokacin da sarakunan Dimashƙa da Samariya suka haɗa kai a kansa: mace za ta haifi ɗa mai suna Immanuwel. Kalmar Ibrananci ita ce “alma”, wato matashiyar mace da ta isa aure. Fassarar Girkanci da ake kira ta Saba'in ta mayar da ita da kalmar da galibi ke nufin wadda namiji bai taɓa ba, Linjilar Matta kuma ta bi wannan ta ɗora ayar a kan haihuwar Annabi Isa (AS). Gardamar ta tsufa. Tana cikin muhawarar Yustinu da Bayahude Tarifo a ƙarni na 2, kuma a 1952, da wata sabuwar fassarar Ingilishi ta zaɓi ma'anar matashiya, wani fasto a Amurka ya ƙona shafin a bainar jama'a. Motyer ya tsaya a kan cewa budurci ake nufi kuma Almasihu kaɗai ayar take nufi. Oswalt ya fi sassauci, yana ganin alamar ta fara cika a zamanin Ahaz kafin cikarta ta ƙarshe. Blenkinsopp yana karanta ta a cikin siyasar gidan sarautar Dawuda ta wancan lokaci. Na sha ganin ɗalibai suna rungumar ra'ayin na ƙarshen da murna, har alƙalaminsu ya zarce zuwa abin da yake kama da shakku a kan haihuwar Annabi Isa ba tare da uba ba. Wannan haihuwa mun yi imani da ita da nassin Suratu Maryam da Ali Imrana, ko “alma” ta nufi budurwa ko ba ta nufa ba. Abin da ayar take amfanar da mu shi ne darasi a kan yadda fassara take sauya hujja.

Na biyu shi ne aya ta 7 ta babi na 21, inda mai tsaro yake hango mahaya, a ciki har da na jaki da na raƙumi. Malamanmu na farko sun fassara mahayin jaki da Annabi Isa (AS), mahayin raƙumi da Manzon Allah (SAW). Halifa Mahdi ya kawo wannan hujja a muhawararsa da Patriyak Timotawus a Bagadaza wajen 782, Timotawus ya amsa da cewa Dariyus da Sairus ake nufi. Ali ibn Rabban Aɗ-Ɗabari, likitan da ya musulunta daga Kiristanci, ya sake kawo ta a Kitabud Dini wad Daula a zamanin Mutawakkil, haka ma Ibn Ƙutaiba. Mai buɗe fassarorin Ingilishi na yau zai ga da yawansu suna cewa mahaya, a jam'i, ko ayari, sai ya zaci malamanmu sun murɗe nassi. Ba su murɗe ba. Kalmar da ke cikin nassin Masora tana ɗaukar ma'anar karusa ko rundunar mahaya, amma fassarar Saba'in da ta Latin duka sun karanta ta mahayi tilo, na jaki ɗaya, na raƙumi ɗaya, kuma irin wannan karatu ne ya iso hannun malaman Bagadaza. Sharhin da ba shi da sashen saɓanin kwafe-kwafe ba zai taɓa nuna maka wannan ba. Sai dai sharhi nagari zai nuna maka ɗaya fuskar ma: aya ta 9 tana sanar da faɗuwar Babila, farkon babin ya ambaci Elam da Madai, kuma Herodotus ya ruwaito cewa Sairus ya yi amfani da raƙuma a yaƙinsa da Lidiya. Masu sharhi sun saɓa ko faɗuwar 539 ake nufi ko wata daga cikin waɗanda suka auku a hannun Assuriya, har A. A. Macintosh ya rubuta littafi guda a 1980 yana cewa tsohuwar magana ce ta ƙarni na 8 aka sabunta a ƙarni na 6. Mai kafa hujja da ayar dole ya fuskanci siyaƙinta.

Na uku shi ne babi na 42, kuma a nan ƙafarmu ta fi ƙarfi. Bukhari ya ruwaito cewa Aɗa'u ibn Yasar ya tambayi Abdullahi ibn Amr ibn al-As (RA) siffar Manzon Allah (SAW) a cikin Attaura, ya siffanta shi da bawa wanda ba mai kaushi ba ne, ba mai hayaniya a kasuwanni ba, wanda za a buɗe makafin idanu da shi. Kamannin wannan da farkon babi na 42 ba ya ɓoyuwa, kuma yana nuna cewa sahabbai suna amfani da sunan Attaura ga littattafan Bani Isra'ila baki ɗaya. Aya ta 11 ta kira ƙauyukan Kedar da mazauna Sela su ɗaga murya. Kedar shi ne ɗa na biyu na Annabi Isma'ila (AS) a babi na 25 na littafin Farawa, kuma rubuce-rubucen sarakunan Assuriya sun san ƙabilar a arewacin Jazirar Larabawa, wajen Dumatul Jandal. Wannan babu mai sharhin da zai musa. Sela kuwa ma'anarta dutse, akwai wuri mai wannan suna a ƙasar Edom, akwai kuma dutsen Sal'u a Madina. Haruffan sun dace, amma dacewar suna ba ta isa ta yanke wane wuri ake nufi ba. Game da Bawan kansa, Matta ya ce Annabi Isa ne, Motyer da Oswalt suka bi shi. Fassarar Saba'in ta saka sunan Yaƙub da Isra'ila a cikin aya ta farko, wato al'ummar ce Bawan. Blenkinsopp kuma yana ganin Sairus aka fara nufi. Wannan saɓani shi ne ribar ɗalibi, domin yana nuna cewa nassin bai ambaci sunan Bawan ba, kuma kowace al'umma ta cike gurbin da abin da ta riga ta gaskata ta wata hanya. Mu ma dalilinmu na farko asarin Abdullahi ibn Amr ne da ayar Suratul A'araf. Ishaya shaida ce ta biyu.

Kada mai karatu ya sa ran waɗannan sharhohi za su tattauna karatun Musulmi. Don wannan sai a koma ga Ibn Rabban da Ibn Ƙutaiba kai tsaye, da kuma binciken Camilla Adang na 1996 a kan marubutan Musulmi da Baibul na Ibrananci daga Ibn Rabban zuwa Ibn Hazm.

Akwai wata al'ada da ya kamata masu duba kundaye su daina bari tana wucewa. Shaikh Rahmatullah al-Kairanawi, bayan muhawararsa da Pfander a Agra a 1854, ya rubuta Izharul Haƙƙ a 1864, ya kafa hujja da sharhohin da ke hannun abokan hamayyarsa a lokacin, irin su na Adam Clarke da Horne. Abin da ya ba littafin ƙarfi ke nan: ya karanta abin da mutanen zamaninsa suke karantawa. Ɗalibanmu kuwa suna kwafo sunayen nan daga Izharul Haƙƙ, ko su sauko da sharhin Matthew Henry, wanda ya rasu a 1714, daga intanet saboda kyauta ne, su kira su “malaman Kirista na zamani”. Dukansu an rubuta su kafin Duhm, kafin Kumran, kafin a iya karanta rubutun Assuriya. Koyi da Shaikh Rahmatullah shi ne a karanta na yau.

Idan laburaren sashe zai iya sayen sharhi ɗaya kacal, ni Blenkinsopp zan zaɓa, duk da ƙorafina a kansa, saboda yana ajiye hujjojinsa a inda za a iya bincikarsu har a yi masa raddi da su. Idan kuɗin ya kai biyu, a ƙara Oswalt, domin akasarin makarantun tauhidin Kirista da ke maƙwabtaka da mu a arewacin Nijeriya sun fi kusa da mazhabarsa, kuma bai dace mu jingina wa maƙwabci ra'ayin wani farfesan Jamus da shi kansa yake ƙi ba. Wanda kundinsa ya tsaya a kan babi na 42 ko na 60, inda aka sake ambaton Kedar tare da Nebayot, ba shi da makawa sai ya nemi Shalom Paul. Ga kowannensu kuma zan nemi ɗalibi ya karanta muƙaddimar mai sharhi kafin ya ɗauko ko da jimla ɗaya daga tsakiya, ya rubuta a kundinsa, a farkon ambaton sunan, addinin mutumin da matsayinsa a kan mas'alar marubucin littafin, kamar yadda muke yi wa maruwaici tarjama kafin mu karɓi riwayarsa. Sashen da yake son ya yi wannan fanni da gaske kuma zai buƙaci a koyar da Ibrananci ko da na shekara ɗaya ne. Ga wanda ya riga ya san sarfu da nahawun Larabci, rabin hanyar a share take.